Rabin Maganar Kawu Suka Ɗauka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Jidda wata Talata bayan la'asar, kuma har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ban hana kaina ba. Bai zo ba ne kawai.

Mun jera kujeru a lungun gidansa da ke Sharafiyya, kamar yadda ake zaman makoki a garin nan, daga magariba zuwa isha. Ni aka tsayar a bakin layi tare da surukinsa muna karɓar gaisuwa, don Kawu bai bar ɗa namiji ba. Hannu ya zo, in kama, in ce "Amin, na gode," wani hannun ya zo. Larabawan da suka yi aiki da shi a kamfanin sufurin kaya na tashar jiragen ruwa sun zo cikin fararen riguna, suka sha gahawa, suka ce mutumin kirki ne, suka tafi. 'Yan Najeriya masu aikin kwantiragi, likitoci da injiniyoyi, sun taru gefe guda. Na ji ɗaya yana ce wa na kusa da shi ƙasa-ƙasa, "Ai shi ne wanda ya ba su shawarar nan a kan inshora." Ɗayan ya ce, "Allah dai ya jiƙansa," da irin muryar da ake rufe zance.

Sai leburorin sito, mutanen Nijar da Chadi. Sun zo da kayan aikinsu a jiki, suka ƙi zama a kujera. Na roƙe su, suka ƙi. Sun tsaya jikin bango har aka kira isha. Wani dattijo a cikinsu, mutumin Damagaram mai ɗingishi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

A sama, matar Kawu, wadda duk muke kira Umma, ba ta zauna ba. Duk wanda ya shiga yi mata gaisuwa sai ta tambaye shi ko an ba mutanen ƙasa dabino. Autarsu, wadda aka haifa a nan kuma Larabci ya fi zama a bakinta, tana zaune a ƙofar ɗakinsa tana maimaita wa duk wanda ya kalle ta, "Jiya fa ya sha shayi. Wallahi sha shayi, kullu tamam." Wato komai lafiya lau yake.

Ni na kira ƙaninsa a gida. Shi ne Ƙaramin Kawu, likita ne a asibitin gwamnati a jiharmu. Na sanar da shi rasuwar. Sannan ya ce, "Jininsa nawa ne da safe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Sun ba shi maganin da na ce?" Na ce sun ba shi. Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To." Ya kashe.

Ina so in rubuta abin da na sani na Kawu tun bai dusashe ba, don na lura mutanen da suka zo gaisuwa kowa da guntun da ya riƙe, kuma guntayen ba sa haɗuwa.

Lauya ne. Ya yi aiki a ma'aikatar shari'a ta jiharmu kafin wani kamfani ya ɗauko shi Jidda don ya riƙa duba masa yarjejeniyoyin kayan da ke fita zuwa Afirka ta Yamma. Ya zo da niyyar ɗan lokaci, ya tsufa a nan. Ni ma shi ya nemo mini aikin da nake yi a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma a gidansa na zauna kafin in yi aure. Bai taɓa kiran sunana ba. "Likitan jini" yake ce mini, ko da yake ya san ni ba likita ba ne.

Mutum ne mai tambaya ɗaya. Duk abin da aka ce an hana ko an wajabta, kafin ya tambayi ko abin yana da kyau, sai ya ce, "Wa ya ce? Kuma wa ya ba shi ikon cewa?" Mai gadin benensu ya taɓa liƙa sanarwa cewa kada a shanya kaya a baranda. Kawu ba ya shanya komai a baranda, hasali ma ya tsani ganin shanya. Amma ya sauka da silifas ya tambayi mai gadin ko mai gidan ne ya ce. Mai gadin ya ce a'a, shi ne ya ga ya dace. Kawu ya ce, "Ya dace. Amma ba kai za ka ce ba. Je ka sa mai gida ya ce, ni zan fara bi." Umma ta ce masa, "Kai dai ba ka gajiya." Ya ce, "Na gaji tun tuni. Ban daina ba ne."

Ba ya shan shayi da sukari. Yana bare lemo da wuƙa a zare ɗaya, ya ajiye ɓawon a gefen faranti. Ranar Juma'a dole a yi tuwo da miyar kuka, ko da za a zagaye Sharafiyya neman kukar. Idan auta ta yi masa magana da Larabci, sai ya amsa da Hausa, ta sake da Larabci, ya sake da Hausa, har su gama hirar ba wanda ya sauka daga kan nasa.

Maganar da ta raba shi da mutane da yawa ta faro ne lokacin da ake ta kai-kawo a gida kan wajabta wa kowa inshorar lafiya daga sama, wato daga gwamnatin tarayya. Wasu manyan jiharmu sun zo umara, suka biyo ta gidansa, don sun san tsohon ma'aikacinsu ne kuma ya san kundin tsarin mulki kamar tafin hannunsa. Ni na zuba musu shayi, don haka na ji komai.

Babbansu ya ce, "Malam, so muke mu san inda muka tsaya. Za su iya tilasta mana?"

Kawu ya jawo tire gabansa. Ya ɗauki kofi ɗaya ya ajiye dama. "Wannan abubuwan da tarayya ce kaɗai ke da ikon yi wa doka. Soja, kuɗin ƙasa, da sauransu. Harkar inshora tana ciki, wato kamfanonin da ke sayar da ita da yadda za su yi sana'arsu." Ya ajiye wani a tsakiya. "Wannan na tarayya da jihohi ne tare." Sannan ya nuna sauran tiren da ba komai a kai. "Duk abin da ba a ambata ba, na jiha ne. Ku nemo mini inda aka rubuta lafiyar mutumin ƙauye a cikin kofin farko. Babu. To a fahimtata, tarayya tana da ikon tsara kamfanin inshora, tana da ikon yi wa ma'aikatanta abin da ta ga dama. Amma ta shigo jiha ta ce wa manomi da mai shago dole ku shiga, ta ce wa gwamnatin jiha ga yadda za ki tafiyar da asibitinki, wannan ina da shakka mai ƙarfi. Akwai lauyoyin da suka fi ni da za su ce kalmar inshora ta wadatar. Ni ban gamsu ba."

Fuskokinsu suka saki. Ɗaya har ya tafa.

Kawu ya ɗaga hannu. "Ban gama ba. Wannan rabi ne. Idan na ce ba nauyin tarayya ba ne, ai na ce nauyinku ne. Filin nan da ba komai a kai, ba hutu aka ba ku ba, aiki aka bar muku. Ku koma ku kai wa majalisarku doka, ku wajabta da kanku, ku ɗauke wa wanda ba shi da hali. In ba za ku yi ba, kada ku ce na ba ku shawara."

Babban ya ce, "Ai wannan dole ne, Malam, dole ne." Yana faɗa yana duba agogo, don motar Makka tana jiransu.

Ba a daɗe ba muka fara jin ana cewa wani masanin shari'a da ke Saudiyya ya tabbatar tarayya ba ta da hurumi. Ba su kama suna ba, amma duk wanda ya san mu ya gane. Rabin na biyu kuwa ba mu ji shi a bakin kowa ba.

Dole in faɗi yadda mahaifiyata ta rasu, don ba za a gane rigimar ba sai da shi. Ciwon ƙoda ne. Tana buƙatar wankin ƙoda a kai a kai, a gida Najeriya, inda ba ta da wata inshora. 'Yan'uwanta biyu sun yi iya yinsu, ni ma haka. Amma ita ta fara ɓoye mana. Sai ta ce ta je wanki alhali ba ta je ba, don ta ga abin yana cin kowa. Ƙaramin Kawu ne ya gano, a makare. A hannunsa ta cika.

Bayan shekara ya zo umara, ya sauka gidan yayansa. Ranar Juma'a ce, an kawo tuwo. Mun fara ci lafiya. Sai Ƙaramin Kawu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaya, an ce kai ka ba su abin da suke fakewa da shi."

Kawu ya ce, "Na faɗa musu abin da na karanta."

"Ka san mutum nawa nake sallama daga asibiti don ba su da abin biya?"

"Na san suna da yawa."

"Ba ka sani ba. Kai takarda kake gani. Ni fuska nake gani. A ce an samu wata gwamnati, ko wacce ce, ta ce za ta wajabta abin da zai sa talaka ya ga likita, sai kai ka tashi ka ce ba ita ya kamata ta ce ba?"

"Na ce jiha ta yi."

"Jiha ta yi? Ka ga ta yi?"

Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Saurara. Idan yau ka bar tarayya ta ɗauki ikon da ba a ba ta ba saboda abin da za ta yi da shi yana da kyau, gobe wani zai hau kujerar ya yi amfani da wannan ƙofar ya yi abin da ba ka so, kuma ba ka da bakin magana, don kai ka buɗe. Idan ana so tarayya ta yi, a gyara kundin, a ba ta a fili. Akwai hanya."

"Kafin a gyara, wa zai mutu?"

Sai Ƙaramin Kawu ya nuna ni da hannunsa mai miya. "Ga ɗanta nan. Faɗa masa. An ba ni labarin kofunanka, kalle shi ka faɗa masa cewa uwarsa ba ta cikin kofin farko."

Umma ta ce daga ƙofar kicin, "Haba, Likita. Ka ji tsoron Allah."

Kawu bai kalle ni ba. Ya kalli ƙaninsa ya ce a hankali, "Ƙanwata ce kafin ta zama yayarka. Kada ka sake ɗauko ta ka kafa hujja da ita."

Ƙaramin Kawu ya tashi ya wanke hannu, ya haɗa jakarsa, ya koma masauki kusa da Harami a Makka. Ni na kai shi tashar mota. Ni kuma abin da nake ji shi ne an ɗauko uwata an ajiye ta tsakanin kwanukan tuwo, kowa yana ja. Ban ji haushin ɗayansu ba. Na dawo na tarar Kawu yana nan inda muka bar shi, tuwon ya sandare.

Daga nan sai gaisuwar Sallah kawai ke haɗa su. "Barka da Sallah, Yaya." "Barka kadai. Ya iyali?" Shi ke nan.

Mutanen da suke ɗauka Kawu ba ya son talaka ya samu magani ba su ga abin da na gani ba. A nan Saudiyya doka ta ɗora wa kafili, wato wanda ya ɗauko ma'aikaci, ya yi masa inshorar lafiya, kuma ba a sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai da ita. Amma akwai masu sayen mafi arha don dai takarda ta wuce, wadda idan ma'aikacin ya kai ta asibiti sai a girgiza kai. Dattijon nan na Damagaram yana da ciwon sukari, wani ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa a sito, ciwon ya ƙi warkewa. Ya zagaya asibitoci ana mayar da shi. Ya naɗe ƙafar da tsumma ya ci gaba da ɗaukar kaya. Kawu ya gan shi a masallaci yana sallah a zaune, ya tambaya, aka faɗa masa.

Washegari ya sa babbar rigarsa ya ce in kai shi wurin kafilin dattijon. Kafilin yana da ɗan ofis a Madinar Masana'antu. Ya karɓe mu da fara'a har ya ji abin da ya kawo mu. Ya ce dattijon yana da inshora, ga ta a kwamfuta, halas, wato magana ta ƙare. Kawu ya ce da Larabcinsa mai nauyin Hausa, "Na gani. Amma doka ba ta ce ka saya masa suna a kwamfuta ba, ta ce ka saya masa magani. Ko ka gyara yau, ko in taimaka masa ya kai ƙara inda ake kaiwa, kuma ni na san hanyar." Mutumin ya ce yana da aiki. Kawu ya ce shi ba shi da shi, ya gyara zama. Muka zauna. Aka kira azahar, muka bi mutumin masallaci, muka dawo tare da shi, muka sake zama. Kafin la'asar ya ɗaga waya.

An yanke wa dattijon yatsu biyu, amma ƙafar ta tsira. Bayan shi, ban san adadin waɗanda suka riƙa zuwa ƙofar Kawu ba. Ba ya karɓar ko lemo.

A mota ranar nan na ce, "Kawu, ban gane ba. A nan kana tilasta wa mutum inshorar dole. A gida ka ce kada a yi."

Ya ce, "Likitan jini, ban taɓa cewa kada a yi ba. A nan ƙasa ɗaya ce, hukuma ɗaya, ita ke da ikon, ta yi doka. Ina bin ta, ina sa a bi. Mu kuwa mutane ne daban-daban da muka zauna muka yi alkawarin yadda za mu zauna tare, muka raba iko don kada wani ya danne wani. Alkawarin nake tsaro." Sannan ya ƙara, "Yalla, tuƙa. Yunwa nake ji."

Hutunsa na ƙarshe a gida shi ya canza shi. Ya ji an ce jiharmu ta kafa hukumar inshorarta daga baya, ya yi murna, ya ce sai ya gani da idonsa. Da ya dawo na je ɗauko shi a filin jirgi. Na tambaye shi ya ya gani. Ya ce ya ga allo babba mai sabon fenti. Ya ga ƙofa da kwaɗo. Mai shayin da ke gefe ya ce masa ma'aikatan sukan leƙo wani lokaci. Ya je wurin babban nan da ya sha shayi a falonsa, aka ce yana taro, ya jira, aka ce ya fita ta baya.

"Rabin maganata suka ɗauka," in ji shi. "Rabin da ba ya buƙatar su yi komai."

Na ce, "To da ka sani da ba ka faɗa ba?"

Ya daɗe yana kallon titi. "Da sun sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan, don shi na gani a rubuce. Amma da na fara da na biyun. Da ban bar su sun sha shayin ba sai sun ji shi."

Bai ƙara tayar da zancen ba. Idan 'yan Najeriya sun taru a gidansa aka ɗauko siyasa, sai ya jawo lemo ya fara barewa.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Kamfaninsu bai sallame shi ba ko da ya tsufa, sun bar shi a matsayin mai ba da shawara, saboda haka inshorarsa mai kyau ce. An ba shi ɗaki shi kaɗai, taga tana kallon teku daga nesa. Duk abin da likitoci suka nema, kamfanin inshorar ya amince ba tare da ja-in-ja ba. An yi masa aiki. Ba wanda ya yi sakaci, ba wanda zan ɗora wa laifi. Wani lokaci ina ganin da akwai wanda zan zarga, da na samu abin yin kuka.

Na shiga wurinsa wata rana da hantsi, a lokacin hutuna. Yana shafa zanen gadon da tafin hannunsa. Ya ce, "Ka ga gadon nan? Da maɓalli ake ɗaga shi." Ya danna, gadon ya ɗago, ya sake dannawa ya sauka. "Ban biya komai ba. Doka ce ta sa aka yi mini. Irin wannan ya kamata uwarka ta samu."

Wannan ne karo na farko da ya ambace ta a gabana tun ranar tuwon nan. Na ce, "Kawu, ka canza ra'ayi ke nan?"

Ya ce, "A'a." Ya juya kai wajen taga. "Amma ban taɓa jin daɗin ra'ayin ba, ko sau ɗaya. Mutane suna ɗauka idan kana ganin kana da gaskiya, daɗi kake ji."

Ya ce in kira masa ƙaninsa. Na kira, na sa a lasifika don hannunsa ba ƙarfi. Na ɗauka zan ji wani abu. Ƙaramin Kawu ya tambayi sunayen magungunan, Kawu ya sa na karanto. Ƙaramin Kawu ya ce a rage ɗaya, a tambayi likitan game da wani. Ya ce, "Kana cin abinci, Yaya?" Kawu ya ce, "Abincinsu ba gishiri." Ya ce, "Haka ya kamata." Sannan Kawu ya ce, "To, Likita." Shi kuma ya ce, "To, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi." Iyakar abin da suka ce ke nan.

Ni da surukinsa muka yi masa wanka. Na zuba ruwa inda aka ce in zuba. Na lura farcensa yana buƙatar yankewa, na yi tunanin ya kamata in faɗa wa Umma, sannan na tuna. An yi masa sallah a masallacin unguwa, aka kai shi maƙabarta. Na sauka cikin kabarin, na karɓe shi, ya fi yadda na zata sauƙi. Na fito na karkaɗe gwiwoyina. Washegari na koma aiki na ɗebi jinin mutane, ina cewa kowa ya dunƙule hannu.

Ƙaramin Kawu bai samu biza ba sai bayan an tashi daga zaman makoki. Ya zo da ƙaramar jaka. Ya gaisa da Umma, suka yi wa juna ta'aziyya a tsaye. Auta ta rungume shi tana magana da Larabci, shi ba ya ji, yana ta cewa, "Na'am, na'am." Sannan ya ce in kai shi kabarin yayansa.

Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna. Fili ne shimfiɗe, da ƙananan duwatsu a jere, duk iri ɗaya. Na ɗauka zan gane wurin. Na kai shi layin da nake zato, na tsaya, na duba dama da hagu. An ƙara wasu bayan namu. Na ce, "Kawu, ina jin wannan ne. Ko na gaba da shi."

Ya ce, "Ba ka tabbata ba?"

Na ce ban tabbata ba.

Ya tsaya tsakanin biyun ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Rana tana dukan mu. Da ya shafa, sai bai juya ba. Ya gyara tsayuwa, ya sa hannu ɗaya a baya kamar mai duba maras lafiya, ya fara magana da muryarsa ta kullum.

"Yaya, na je na karanta kundin naka. Na karanta inda ka ce. Amma akwai inda aka ce jin daɗin jama'a da tsaronsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Ba a ce gwamnatin jiha kawai ba. Na san za ka ce wannan sashen ba a kai ƙara a kansa. Na tambaya, an faɗa mini. To amma me ya sa aka rubuta shi? Kuma idan kalmar inshora tana cikin kofin farko, wa ya ce ta tsaya a kan kamfani ba ta kai ga wanda ake yi wa ba? Kai ka ce. Wasu ba su ce ba."

Ya ci gaba. Ya kawo hujja ta biyu da ta uku, a tsare, yana ƙirgawa da yatsu. Na gane ya daɗe yana shirya su, wataƙila tun ranar da ya bar tuwon nan, yana jiran zaman da za su yi. Wani ma'aikacin maƙabarta ya wuce da tiyo, ya dube mu, ya wuce.

Da ya gama, ya ɗan karkata kai gefe. Ya jira. Ni ma na samu kaina ina jira. Can nesa ana jin ƙarar manyan motoci masu zuwa tashar jiragen ruwa.

Ya ciro hankici ya goge wuyansa. Ya dubi dutsen dama, ya dubi na hagu.

"Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta, ya haɗa ka da 'yar'uwarmu a inda ba a tambayar kowa komai a bakin ƙofa," in ji shi. "Amma ban yarda ba har yanzu."

Ya juya gare ni ya ce mu tafi, zafin ya yi yawa.